Mutuwar ƙaramin batir na jawo wa masu motocin haibirid asara a Kudancin Kaduna

KAFANCHAN — Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, hankalin 'yan kasuwa ya ƙara karkata ga motocin nan masu aiki da fetur da lantarki, waɗanda ake kira haibirid. Litar mai da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 600 a watan Yulin shekarar, sa'an nan ta zarce Naira 1,000 a Abuja cikin watan Oktoban 2024. Ga falken citta da ke zirga-zirga tsakanin Fadan Kagoma da Kwoi da Kafanchan, motar da ke rage shan mai riba ce a aljihu.

Amma wannan mota tana da wani lago da yawancin masu saye ba su sani ba sai ranar da ta ƙi tashi. Mai ita zai danna maɓalli, ya ga fitilun dashbod sun dushe ko sun ƙi kamawa, nan da nan sai ya ɗauka babban batirin ne ya mutu, wanda kuɗinsa ke da nauyi ƙwarai. Wasu kan ɗauko motar ja zuwa Kaduna ko Jos ko Abuja, alhali sau da yawa laifin na ƙaramin batir ne mai bolt 12.

Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan a watan Disamban 1997, daga baya aka samu Camry da Highlander da Lexus masu irin wannan tsari, waɗanda ke shigowa Nijeriya a matsayin tokumbo. Kowace tana da batir biyu. Babban, wanda a Prius samfurin 2004 zuwa 2009 ƙarfinsa ya kai bolt 201.6, shi ne ke juya injin lantarki, kuma shi ke tayar da injin fetur. Ƙaramin kuwa aikinsa kunna kwamfutar mota da fitilu da makullan ƙofa, da kuma sakin wutar babban. Idan ya mutu, kwamfuta ba za ta farka ba, saboda haka motar ba za ta motsa ba ko da babban yana cike.

Irin waɗannan motoci na Toyota ba su da altaneta. Wata na'ura ce ke rage ƙarfin wutar babban batir ta cika ƙaramin, kuma ba ta aiki sai lokacin da alamar READY ta bayyana a dashbod. Wannan ne ya sa motar da aka ajiye makonni, kamar yadda kan faru da damina sa'ad da aikin gona ya kankama, takan wayi gari a mace. Haka nan jin rediyo ko cajin waya ba tare da an kunna motar sosai ba, da barin ƙofa a buɗe, duk suna tsotse shi. Motar tokumbo kuma ta riga ta yi dogon zama a jirgin ruwa da tashar Legas ko Kwatano kafin ta iso hannun mai saye.

Farfaɗo da batirin ba ya da wuya idan an bi ƙa'ida. Da farko a buɗe ƙofa da ɗan makullin ƙarfe da ke cikin rimot. A yawancin tsofaffin samfurin Prius batirin yana cikin but ne, amma an tanadi wurin jona wuta a cikin akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet, mai jan murfi. A kama shi da jar waya, a kai ɗaya bakin ga kan batir mai lafiya inda alamar tarawa take. Baƙar waya kuma a kama kan mai alamar ɗebewa na batir mai lafiya, ɗaya bakin a maƙala shi a jikin ƙarfen motar da ba fenti. Bayan kimanin minti 5 sai a taka birki a danna maɓalli. Da zarar READY ta fito, a cire wayoyin, a fara da wadda aka maƙala daga ƙarshe. Daga nan a bar motar a kunne kimanin awa ɗaya, giya tana kan P, a fili inda iska ke kaɗawa, domin injin fetur kan tashi da kansa.

A nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Juya wayoyin ko da na ƙiftawar ido ne yana iya ƙona babban fis, ko na'urar sarrafa wuta wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa. Bai halatta a ja wuta daga manyan motocin dakon citta masu tsarin bolt 24 ba. Ba a tura haibirid don ta tashi, ba a kuma amfani da ita wajen tayar da wata motar. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa na babban batir ne, taɓa su na iya kisa, don haka rewaya da bai sami horo ba ya nisance su.

Tashin mota ba ya nufin batir ya warke. Mai lafiya, idan ya kwana ba a taɓa shi ba, zai nuna kimanin bolt 12.6 a ma'auni. Idan mota tana kunne kuma ya nuna kusan 14, alamar na'urar cikawa tana aiki ke nan. Wanda ya sauka ƙasa da bolt 12 yana bukatar caji a hankali, da wutar da ba ta kai amfiya 5 ba, na tsawon dare. Irin cajin gaggawa da ake yi a bakin titi yana dafa shi, musamman da yake mafi yawansu rufaffu ne, nau'in AGM, da ba a ƙara musu ruwa. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya sake mutuwa bayan kwana biyu, lokacinsa ya yi.

Wajen sayen sabo, a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja ko a shagunan Kafanchan, a duba girma da lamba da gefen da kawunan suke. Idan batirin yana cikin ɗakin mota, dole ya kasance yana da kafar da ake jona siririn tiyon da ke fitar da iskarsa waje. Araha ba ta ado: na gama-gari da ba shi da wannan kafa haɗari ne ga fasinja. Tsohon kuma a mayar wa dillali, kada a fasa shi a gida, domin dalmar da ke ciki guba ce, musamman ga yara.

A lokacin kullen korona na 2020, reshen Toyota na Birtaniya ya shawarci masu haibirid su riƙa barin motocinsu a kan READY na minti 60 sau ɗaya a mako. Wannan shawara ta dace da ɗan kasuwar da zai ajiye motarsa har kakar citta ta zagayo. Ga matasan makanikai na Kafanchan kuma, ma'aunin wuta da ƙaramar caja da ɗan horo sun isa jarin fara wata sana'a, wadda za ta hana masu motoci kai kuɗin gyara wasu garuruwa.