Rigar Yauƙi: Abin da Ke Hana Wani Miki Jin Magani

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Sarki Hezekiya a cikin 2 Sarakuna sura 20, wanda maruru ya kusa kai shi kabari. Ya yi addu'a da hawaye, annabi Ishaya kuma ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, ya warke. Har yau maruru da miki mai mugunya ba su bar mu ba. A ikilisiyoyinmu akan sami ɗan'uwa da aka yi wa aiki a asibiti, ya sha magani wata da watanni, amma wurin ya ƙi kamewa. Daga nan sai a fara raɗa cewa jifa ce ko sammu. Sau da yawa kuwa dalilin yana nan a cikin mikin, ido ne kawai ba ya ganinsa.

Ƙwayar cutar da ta fi kawo marurai ita ce wadda likitoci ke kira stafilokokus. Wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ne ya gan ta cikin mugunya a 1880, ya kuma ba ta wannan suna domin ƙwayoyin suna curewa kamar nonon inabi. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta dame shi ba. Wahala takan fara ne idan ta sami ƙofa, wato yanka, ko ƙuna, ko gyambo, ko inda aka huda fata.

To, me ke sa ta gagari magani? Uwargida ta san yauƙin da ke kama cikin randa idan an daɗe ba a wanke ta ba. Ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an sa soso. Irin wannan shimfiɗa ce ƙwayoyin ke yi. Da farko kaɗan ne ke manne wa wuri, musamman abin da aka sa a jiki daga waje, kamar robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiya, ko ƙarfen da ake ɗaure karaya da shi. Sai su hayayyafa, su fitar da wani yauƙi da suke saƙawa da dogayen sarƙoƙi na wani irin sukari. Yauƙin nan shi ne turɓaya da ruwan gininsu: yana liƙa ƙwaya da ƙwaya, yana kuma rufe su baki ɗaya. A 1996 ne masana a Jamus suka bayyana yadda wannan sukari yake, da ƙwayoyin gadon da ke sarrafa shi. Wasu ire-iren stafilokokus sukan yi nasu ginin da furotin, amma amfanin ɗaya ne.

A lura, wannan ba sukarin shayi ba ne. Ƙwayar da kanta take ƙera shi. Sai dai masu ciwon sukari su kula da ƙafafunsu ƙwarai, gama mikinsu yakan daɗe bai warke ba, ƙwayar kuwa haka take so.

Da zarar an gama ginin, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sukan kasa haɗiye abokan gaba. Waɗanda ke can ƙasan shimfiɗar kuma sukan lafa kamar masu barci, alhali yawancin magunguna irin su fenisilin sun fi kama ƙwayar da ke girma. A ɗakin gwaji an ga ana bukatar magani har ninki ɗari ko dubu kafin a kashe su. Shi ya sa zazzaɓi kan sauka lokacin shan magani, a daina kuma ya dawo. Wani lokaci ɓangare yakan ɓalle ya bi jini zuwa ƙashi ko zuciya. Wani babban bincike na duniya ya danganta mutuwar mutane fiye da miliyan 1 a 2019 da stafilokokus mai launin zinariya, wadda ta fi 'yan'uwanta haɗari.

Saboda haka idan likita ya ce sai an cire roba, ko an fitar da ƙarfe, ko an kankare miki, ba mugunta ba ce, ba kuwa kasawa ba. Soson randa ne. Kada mu hana shi don tsoro, kada kuma mu koma kemis muna sayen kafso bibbiyu, ko mu fasa shi mu barbaɗa a miki. Wasa da magani yana ba ƙwayoyi masu taurin kai damar yaɗuwa. Tun 1961 aka ga irin da ta gagari metisilin a Ingila, yanzu kuwa ta game duniya.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu masu ziyara. Zumuntar mata da matasa da dattawan ikilisiya suna ƙoƙari wajen gai da marasa lafiya, Allah ya sa albarka. Amma mu wanke hannu da sabulu kafin mu shiga da bayan mun fito. In za a ɗora hannu a yi addu'a, a nisanci bandeji da robar da ke jikin majiyyaci. A gida kada a matse maruru, kada a yi tarayyar tawul ko reza. In aka ga ja, ko kumburi, ko mugunya a bakin roba, a gaya wa nas nan take.

Hezekiya ya yi addu'a, ya kuma karɓi magani. Mu ma mu riƙe duka biyu. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.