Albasar Galmi, arzikin jahar Tawa

Wanda ya ratsa ƙasar Adar zai ga duwatsu ko'ina, ya ce nan ba wurin noma ba ne. Amma a gindin duwatsun akwai kwarin Majiya da na Tarka, inda ruwa ba shi da nisa. Nan manoman rani suke noma albasar Galmi, wadda manyan motoci ke kaiwa har Gana da Togo.

Abin da ke damunmu shi ne farashi. A watan Maris da Afrilu kowa yakan kai kasuwa lokaci guda, kuɗin buhu ya faɗi warwas. Mai rudu kuwa yana iya jira har damina. Don albasa ta jure ajiya, kada mu cika mata takin zamani. Mu daina ban-ruwa mako 2 kafin cira, mu bar ganye ya bushe.