Haɗa Kan Fannonin Bincike a Jami'a: Misali Daga Yaƙi da Masassarar Cizon Sauro a Ƙasar Gwandu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda fannoni huɗu na binciken jami'a, wato ilimin halittu da ilimin likita da wasan kwaikwayo da ilimin koyarwa, suke da buƙatar juna idan ana son amfanin bincike ya kai ga jama'a. Bisa al'adar jami'o'inmu kowane sashe yana da ofishinsa da mujallarsa da taronsa, har yakan yiwu mai nazarin sauro ya shekara goma bai taɓa zama da mai nazarin wasan kwaikwayo ba, alhali ƙofofinsu na duban juna. Domin kada magana ta tsaya a kan ra'ayi kurum, na zaɓi cuta guda ɗaya, wato zazzaɓin cizon sauro, wanda mutanen wannan yanki suka fi sani da masassara, na kuma zaɓi wuri guda, wato ƙasar Gwandu da Kalgo ta Jihar Kebbi. Zan nuna abin da kowane fanni ya gano, da inda iyakarsa ta tsaya, sannan in kawo shawarar yadda za a haɗa su a gunduma irin ta Malisa.

2.0 Girman Matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami kamuwa da wannan cuta sau miliyan 249 a duniya, mutane wajen 608,000 kuma suka rasu, akasarinsu yara ƙanana na Afirka. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Nijeriya suke. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2021 ya nuna cewa kashi 22 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, amma a Jihar Kebbi adadin ya kai kashi 49, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane biyu, kuma babu jihar da ta kai ta. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, kafin sauran jihohi.

A ɗaya gefen kuma yankin ba ya rasa cibiyoyin ilimi. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake a Kalgo. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ta fara tun 1975. Ke nan masu bincike da matsalar suna zaune ƙofa da ƙofa.

3.0 Ilimin Halittu

Masanin halittu shi ne ya fara warware asirin cutar. A 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya. Daga nan aka tabbatar cewa macen sauro nau'in Anofilis ce ke ɗauko ƙwayar daga jinin wani ta kai wa wani. Takan yi ƙwai a ruwa mara zurfi wanda rana ke bugu, kamar kududdufi da sawun shanu da ramin da aka haƙi ƙasar gini, kuma a lokacin zafi ƙwan yakan zama sauro cikin kwana goma ko abin da ya ɗara kaɗan. Ita ma ƙwayar cutar tana buƙatar wajen kwana goma zuwa sha huɗu a cikin sauron kafin ta iya shiga wani mutum. Saboda haka tsohuwar sauro ce ke kashewa, kuma duk dabarar da ta rage wa sauro kwana ta rage cutar.

Bincike mafi girma da aka yi a ƙasar Hausa a kan wannan al'amari shi ne na Garki, a tsohuwar Jihar Kano, inda yanzu yake cikin Jihar Jigawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da shi daga 1969 zuwa 1976, Molineaux da Gramiccia suka wallafa sakamakonsa a 1980. An feshe ɗakuna da maganin sauro, an kuma raba wa jama'ar wasu ƙauyuka magani gaba ɗaya. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina aikin kuma ta komo. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne cewa wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya ci jini, waje yake fita, don haka feshin bai same shi ba.

Akwai wata tambaya da ta shafi Kebbi kai tsaye. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya faɗaɗa a fadamun Gulbin Kebbi da na Zamfara. Fadamar shinkafa kuwa gidan sauro ce ko da rani. Binciken da aka yi a wasu ƙasashen Afirka kafin shekarar 2003 ya nuna cewa ƙauyukan shinkafa sun fi yawan sauro amma ba su fi yawan cuta ba, wataƙila domin kuɗin shinkafa na sayo gidan sauro da magani. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a shekarun baya-bayan nan lamarin ya juya, ƙauyukan shinkafa sun fi cutar. Wannan tambaya ce da ɗaliban Kalgo da Aliero za su iya amsawa da ludayi da kwalba a bakin fadama.

4.0 Ilimin Likita

Likita ya karɓi abin da masanin halittu ya gano ya mai da shi magani. A 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga haɗin magani mai sinadarin atimisinin. Tarihin wannan sinadari abin lura ne ga manazarta al'ada, domin Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi ne a 1972 bayan ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Tsiron da aka samo shi dangin tazargade ne. Mu ma muna da irin wannan taska a rubuce da baki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubutu a kan magani, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi kundin digirinsa na uku a Jami'ar Bayero a 1995 a kan magungunan Hausa a rubuce. Abin da ya rage shi ne a kai waɗannan itatuwa ɗakin gwaji, a tantance mai amfani daga mai cutarwa, a san gwargwadon da ya kamata a sha.

Dabaru biyu na rigakafi sun cancanci bayani, domin a kansu ne iyakar likita ke bayyana. Na farko shi ne maganin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata muddin damina. Ma'aikaci yakan ba da na ranar farko da hannunsa, ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Na biyu shi ne allurar R21, wadda Jami'ar Oxford ta Ingila ta ƙirƙiro, aka gwada ta a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, aka amince da ita a Oktoba 2023. A wuraren da cutar ke bin damina ta rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Sai dai sau huɗu ake yin ta: a wata na 5 da na 6 da na 7, sannan ta ƙarshe a wata na 15.

A nan ne ƙoƙarin likita ke tsayawa. Ba shi ne zai bai wa yaro ƙwayar rana ta biyu ba, ba kuma shi ne zai tuna ranar allura ta huɗu bayan wata takwas ba. Idan yaro ya fara jijjiga cikin dare, uwa da kaka da maigida su ne za su yanke shawara ko iska ce a turara hayaƙi, ko masassara ce a nufi asibiti. Ƙauracewa allurar shan-inna da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003 ta isa darasi cewa magani komai kyawunsa ba ya aiki sai an yarda da mai kawo shi.

5.0 Wasan Kwaikwayo

Mutane da dama na ɗaukar wasan kwaikwayo abin nishaɗi, ko kuwa lasifikar da ake kira bayan an gama bincike domin ta yi shela. Aikin da aka faro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, wanda Salihu Bappa da Oga Steve Abah da wasunsu suka ci gaba da shi, ya nuna cewa wasan kansa hanyar bincike ce. An fara da unguwar Samaru, sannan aka fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo. Tsarin shi ne ɗalibai su zauna da mutanen gari kwanaki, su saurari matsalolinsu, su gina wasa daga abin da suka ji, su yi shi a dandali, sannan a tsaya a tattauna. Da tafiya ta yi nisa sai aka gane cewa ya fi amfani mutanen garin su yi wasan da kansu, a dakatar da shi a daidai inda rikici ya yi tsanani, a tambayi 'yan kallo yadda za a fita.

Amfanin wannan ga likita a fili yake. Matar da aka zo wa da takardar tambayoyi za ta ce tana kwana a gidan sauro, domin ta san amsar da ake so ke nan. Amma idan aka sa ta kwaikwayi maƙwabciya a wasa, a nan ne za a ji cewa gidan sauron ya zama shingen lambu, ko zafi ya hana shiga, ko kuɗin mota zuwa asibiti yana hannun maigida shi kuwa yana fadama. Abin da kunya ta hana a faɗa da baki, raha takan fito da shi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu da Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar waƙoƙin da ta rubuta su kai wa matan karkara a haddace. Tashe na watan azumi shi ma tsohuwar makaranta ce ta gyaran hali ta hanyar kwaikwayo.

6.0 Ilimin Koyarwa

Wasa yakan tashi, 'yan bincike su koma jami'a. Wanda ke saura a gari shi ne malamin makaranta, kuma mu malaman kwalejojin ilimi mu ne ke horar da shi. Tsarin nan na yaro ya koyar da yaro, wanda David Morley da Hugh Hawes suka fito da shi a Landan a 1978, ya ginu ne a kan abin da kowa ya sani a ƙasar Hausa, wato 'yar shekara goma ita ce mai goyon ƙaninta. Idan ta san alamun haɗari, ta kuma iya ƙirga watannin allura, gidan ya sami mai tuni. Aikin mai binciken ilimi shi ne ya gano da wane harshe da wace dabara darasin ya fi zama, ya kuma auna abin da yara suka riƙe bayan wata shida. Lalle ne a haɗa da makarantun allo da na Islamiyya, domin yara da yawa ta nan kaɗai za a same su.

7.0 Shawara

A ɗauki gundumar Malisa ta Ƙaramar Hukumar Gwandu a matsayin wurin gwaji. Bayan neman izinin sarakuna da malamai, masana halittu su zana taswirar wuraren da sauro ke haihuwa damina da rani. Likitoci su auna jinin yara da yardar iyayensu, su rubuta adadin waɗanda suka karɓi kowace allura. Masu wasan kwaikwayo su zauna da maza daban, mata daban, su gina wasa daga abin da suka ji. Ɗaliban kwaleji masu koyon aikin koyarwa su mai da sakamakon darasi. A yi wannan a wasu ƙauyuka, a jinkirta shi a wasu masu kama da su, sannan bayan shekara a kwatanta yawan yaran da aka komo da su allura ta huɗu. Ta haka ne za a san ko wasan ya yi aiki ko kuwa dariya kawai aka sha.

Akwai cikas guda uku da ya kamata hukumomin jami'a su duba. Na ɗaya, ƙa'idojin ƙarin girma sun fi daraja takardar da malami ya wallafa a fanninsa, don haka matashi na tsoron aikin haɗin gwiwa. Na biyu, kuɗin bincike sashe-sashe ake neman su. Ya kamata Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu ya ware wani kaso ga aikin da ya haɗa tsangaya biyu ko fiye. Na uku, sakamako da Turanci ake rubuta shi, mutanen da aka ɗebi jinin 'ya'yansu ba su taɓa jin abin da aka gano ba. Wajibi ne a mayar musu da shi cikin Hausa, da boko da ajami, a karanta a gabansu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa masanin halittu ya san sauro, likita ya san magani, mai wasan kwaikwayo na iya gano dalilin da ke hana a sha maganin, malami kuma shi ke dasa sanin a zukatan masu tasowa. Binciken Garki ya nuna iyakar feshi da ƙwaya, aikin Samaru kuma ya nuna hanyar sauraron jama'a, amma kowanne ya tafi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fatana shi ne mahalarta wannan taro su gyara kurakuran da ke cikin wannan shawara, sannan a sami sassa huɗu da za su yarda su gwada ta tare kafin wata damina.