Darwin, Sauro da Jinin Ƙanwata

Ina da wani aboki da ba zan faɗi sunansa ko sashensa ba, kuma duk wanda ya tare ni a hanya don ya tambaya, ɓata bakinsa kawai zai yi. Tare muka taso, makarantar allo ɗaya, Islamiyya ɗaya, shi ya ma riga ni sauka. A zangon farko na ND II, wani dare an ɗauke wuta muna zaune a bayan hostal, ya ce mini shi fa a zuciyarsa ya daina yarda da addini. Na daɗe ban ce uffan ba. Da na samu bakin tambayar dalili, cikin abubuwan da ya lissafa har da wannan: "Ai kimiyya ta gama magana. Darwin ya tabbatar daga biri muka fito."

Sai daga baya na lura cewa wannan maganar ita ce dai wadda muka taso muna ji ana yin tir da ita. Ni na ƙi ta, shi ya rungume ta, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa bincika ko haka Darwin ɗin ya ce. Ni da nake SLT ma, babin juyin halitta haddace shi na yi daga handawut, na juye a takardar jarrabawa, na manta. Shi ya sa muka yi yarjejeniya: kafin mu sake musu, kowa ya je ya karanta. Ga abin da muka samo.

Charles Darwin ɗan Ingila ne wanda aka taɓa yin niyyar ya zama limamin coci. Daga 1831 zuwa 1836 ya zaga duniya a jirgin ruwa mai suna Beagle yana tattara tsirrai, dabbobi da ƙasusuwan da, sannan a 1859 ya fitar da littafinsa On the Origin of Species. Littafin kusan bai taɓa maganar mutum ba. Babinsa na farko ma kan dabbobin gida ne, musamman tantabaru, don shi kansa ya yi kiwonsu. Duk wanda ke da ɗakin tantabara a gida zai gane hujjarsa nan take: 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya sak, kuma suna gadon kamannin iyaye. Idan mai kiwo ya riƙa ware masu launin da yake so yana haɗa su, bayan 'yan shekaru garken nasa ya sauya kama. Darwin ya ce a daji ma haka take faruwa, sai dai can yunwa da cuta da fari da maharba ne ke yin tacewar. Ana haifar da yawa, kaɗan ke rayuwa har su haihu, kuma waɗanda suka rayu su ne ke miƙa siffofinsu ga na baya.

Kuskuren da mu biyun muka yi tarayya a kai shi ne zaton cewa dabba ɗaya ce ke rikiɗa ta zama wata. A'a. Babu halittar da ke sauyawa a rayuwarta ta wannan hanyar. Abin da ke sauyawa shi ne yawan masu wata siffa a cikin jama'a, daga tsara zuwa tsara. Tambayi mahaifiyarka labarin kulorokwin. A zamaninsu shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, mai arha, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi, amma yana aiki. A cikin ɗimbin ƙwayoyin maleriya, an samu 'yan kaɗan da kuskuren kwafi a ƙwayoyin gadonsu ya sa maganin ba ya kashe su. Kulorokwin ya share sauran, ya bar musu fili, suka hayayyafa. An fara ganin haka a ƙarshen shekarun 1950 a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka, ya iso Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, har ta kai Najeriya ta koma amfani da magungunan ACT a wajajen 2005. Ƙwayar cutar ba wayo ta koya ba, ba kuma "sabawa" ta yi da maganin ba kamar yadda muke faɗa. Tace ta aka yi. (Masu sayen ƙwayoyin kashe bakteriya a kemis su sha biyu su ajiye sauran, da ku nake: irin wannan tacewar kuke yi a cikinku.)

Inda abin ya taɓa ni kuwa shi ne sikila. Ƙanwata SS ce. Na san daren da ake kwana ana danna mata ƙafa tana kuka, na san kuɗin jini. Tun ina yaro nake tambayar kaina: me ya sa wannan cuta ta yi mana yawa haka, alhali a Turai da wuya a gan ta sai a jikin 'yan asalin wurare irin namu? A hankalce, siffar da ke kashe yara kafin su girma ya kamata ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Amma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne.

Wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya taso a Kenya, ya wallafa amsar a 1954. Ya lura cewa inda maleriya ta fi tsanani, nan ne masu ɗauke da S suka fi yawa. Bambancin A da S ɗan ƙanƙane ne, harafi ɗaya a cikin umarnin da jiki ke bi wajen ƙera sinadarin himogulobin na jan jini. Mai S biyu yana fama da sikila. Mai A biyu ba shi da sikila, amma maleriya mai tsanani ta fi saurin kayar da shi yana ƙarami. Mai AS kuwa ya tsira daga sikila, kuma yana da kariya sosai daga mummunar maleriya. To ka ƙaddara shekaru dubbai babu asibiti babu gidan sauro: yaran AS su suka fi kai wa ga girma da aure, sai S ta yi ta wanzuwa. Farashin shi ne duk sanda AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Gida na iya samun uku a jere. Ranar da na gane wannan, na zauna a lab ina kallon jinina a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ni AS, na ce ashe sauro ne ya bar mana wannan gadon.

Saura maganar biri. Masana ba su ce birin da kake gani a gidan zu kakanka ba ne. Abin da suke cewa shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka mai nisa da ya rayu kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, wanda shi ba mutum ba ne, ba kuma cimfanzi ba. Kamar kai da ɗan baffanka: ba shi ya haife ka ba, kaka kuka haɗa. Wannan ya amsa tambayar nan ta zaman shayi, "to me ya sa har yanzu akwai birai?" Hujjojinsu sun haɗa da ƙasusuwa, irin ƙoƙon kan da aka haƙo a hamadar Djurab ta nan maƙwabciyarmu Chadi a 2001, aka sa masa suna Toumaï, mai kimanin shekaru miliyan 7, da ƙwarangwal ɗin Lucy da aka samu a Habasha a 1974. Akwai kuma ƙwayoyin gado: mutum yana da kuromozom tagwaye 23, cimfanzi 24, kuma na biyu a namu yana ɗauke da alamar guda biyu ne suka haɗe baki da baki.

A nan ne muka rabu da abokina, amma ba a inda muka fara ba. Shi da kansa ya yarda cewa ya ɗora wa Darwin kayan da bai ɗauka ba. Ka'idar tana bayanin yadda halittu ke sauyawa bayan akwai rai. Ba ta ce ga yadda aka samu duniya ba, kuma babu gwajin lab da zai auna ko akwai Mahalicci ko babu. Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gado da gwajin wake a 1866, malamin coci ne. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai riƙo da addininsa. A cikin Musulmi ma akwai waɗanda suka karɓi sauyin tsirrai da dabbobi amma suka keɓe Annabi Adamu (AS) da halitta ta musamman, akwai waɗanda suka ƙi ka'idar ɗungurungum. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Ina sallata, kuma maganar asalin mutum har yanzu ina kai ta gaban waɗanda suka fi ni sanin nassi. Amma ba zan ƙara cewa "ai duk ƙaryar Turawa ce" ba, don na ga wani ɓangarenta da idona.

Abokina bai dawo kan abin da ya bari ba, aƙalla zuwa yau. Ya ce dalilansa sun wuce Darwin, na ce to mu bar Darwin ya huta mu yi maganar waɗancan. Muna yi, wani lokaci da zafi, kuma ban fasa yi masa addu'a ba, ya sani. A makon jiya ya raka ni asibiti duba ƙanwata, a hanyar dawowa ya ce shi bai ma taɓa yin gwajin jinotayif ba, ga shi kuma akwai wadda yake nema. Ranar Litinin bayan lakcar ƙarfe goma za mu je a ɗibi jininsa.