Ko Kun Sani?

Ko kun san yaron da bai kai shekara goma ba ana iya cire masa matsarmama ba tare da an tsaga cikinsa ba? Likita kan huda ƙananan kafofi uku ko huɗu, mafi yawansu ba su kai faɗin farce ba, ya hura iska a cikin, ya zura siririyar kyamara, ya yi aikin yana kallon allo. Wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya fara irin wannan tiyata a 1985.

Masu sikila suna cikin yaran da suka fi buƙatarta. Ƙwayar jinin mai lafiya kan yi kwana 120, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, ragowarta ta taru a matsarmama ta zama tsakuwa. Bayan an cire, yaro zai ci tuwonsa lafiya, domin hanta ce ke haɗa ruwan ɗaci, matsarmama ma'ajiyarsa ce kawai.

Iyaye a Bichi da Ɗambatta, in mai sikila ya yawaita kukan ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a kai shi asibiti a yi masa hoton ciki.