Jana'iza a Ɗan Isa, Shinge a Magama

Daga Magama ta Jibiya zuwa Ɗan Isa ba wata tafiya ba ce, Maraɗi kuma tana gaba kaɗan. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne tun kafin zuwan taswira. Bayan jihadi ne sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, daga baya Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. To, a ce a irin wannan lokaci aka aiko maka kawunka ya rasu a Ɗan Isa, za a kai shi bayan La'asar. Hukuma ta ce kada a ƙetare, zumunci kuwa a ƙafa yake. Ina ka nufa?

Tambayar ta tsufa. Sama da shekara 2,400 da suka wuce, Sofokilis na ƙasar Girka ya gina wasan Antigoni a kanta. Sarki Kiriyon ya hana a binne ɗan'uwan Antigoni saboda ya ɗauko yaƙi ya kawo wa garinsu. Ta fita ta rufa wa gawar ƙasa, ta biya da ranta. Ana yawan karanta wasan a matsayin rigimar mutum guda da jama'a, ni kuwa ban gamsu ba. Antigoni ba son ranta ta bi ba. Hakki biyu ne suka yi karo a gabanta, na gari da na jini, babu kuma wanda zai zaɓar mata.

Nan ne masu falsafar wanzuwa suka kafa turke, su da ke cewa mutum da zaɓinsa yake ƙera kansa. A laccarsa ta 1945 a Paris, Jean-Paul Sartre ya ba da labarin ɗalibinsa da ya rasa abin yi: ya zauna da mahaifiyarsa wadda ba ta da kowa sai shi, ko ya tafi Ingila ya shiga rundunar 'yanto Faransa daga Jamus. Sartre ya ƙi yanke masa hukunci, ya mayar masa da kayansa. Shi Sartre bai yarda da Allah ba, don haka Musulmi ba zai haɗiye falsafarsa ɗungurungum ba. Amma batun cewa kowa shi kaɗai zai amsa nasa, mun sha jin sa a wajen wa'azi idan aka zo kan ranar hisabi.

Namu littattafan ma sun taɓo zancen, sai dai cikin sakaya. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malamin makarantar Midil ta Katsina. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya bar gida ne don ya wanke sunan gidansu ya kuma samo maganin ɗan sarki. Amma tsakani da Allah, wa ya taɓa karanta littafin don ɗan sarkin? Daɗinsa yana cikin yawon, da ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe. Hakkin gida shi ne takardar izinin fita, Alhaji yana wuce ƙofar gari ya ci gashin kansa. A Jiki Magayi kuwa, Abubakar ya fita ne don ciwon zuciyarsa kaɗai, bayan attajiri Malam Shaihu ya aure masa Zainabu, labarin kuma bai bar shi ya ci riba ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa ce ta bar komai ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Kunya ba ta cika barin jarumin Bahaushe ya ce "ni nake so" ba. Sai ya ce "ya zama dole", alhali shi ya zaɓi dolen.

Kada a ɗauka Kiriyon ba shi da hujja. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, ba kowane shinge ne zalunci ba, kuma mai fasa-ƙwaurin shinkafa ma da kawu yake fakewa idan aka tare shi a ɓarauniyar hanya. Shi ya sa na fi tausaya wa jami'in da ke tsaye a Magama fiye da mai zuwa jana'izar. Wataƙila shi ma Bakatsine ne mai gwaggo a Maraɗi. Ga dattijo a gabansa yana cewa, "Haba ɗana, gawa fa ke jira na." Umarni na cikin aljihunsa, sandar shingen na hannunsa, rana kuma ta fara karkata.