Hubbaren Humayun a Delhi: yadda mai ziyara zai fahimci lambu da kabari

Gabatarwa

A Hausa kalmar «ziyara» ta ƙunshi zuwa kabari don addu'a da tuna lahira, ta kuma ƙunshi zuwa ganin wuri. Hubbaren sarki Humayun da ke Delhi, a ƙasar Indiya, wuri ne da ma'anonin biyu suke haɗuwa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa lambun da ya kewaye hubbaren shi ne mabuɗin fahimtarsa, kuma ɗan yawon buɗe ido da ya wuce shi da sauri ya bar rabin abin da ya zo gani.

1. Asalin ginin

Humayun shi ne sarki na biyu a daular Mughal. Ya rasu a shekara ta 1556 bayan ya faɗo daga matakalar ɗakin karatunsa. Matarsa Bega Begum ce ta tsaya a kan aikin hubbaren a zamanin mulkin ɗansa Akbar, aka gama shi wajen 1570. Maginin da ya tsara shi, Mirak Mirza Ghiyas, ya zo da fasahar ginin Farisa. An yi amfani da jan dutse da farin marmara, kuma tsawon ginin ya kai mita 47. Ƙubbar ruɓi biyu ce: ta waje don a hango ta daga nesa, ta ciki don ta dace da girman zauren. Wannan tsari ne Shah Jahan, tattaɓa-kunnen Humayun, ya bunƙasa a Taj Mahal, wanda aka fara ginawa a 1632.

Zaɓen wurin ma yana da dalili. Yana kusa da kabarin waliyyi Nizamuddin Auliya, wanda ya rasu a 1325, kuma mutanen lokacin suna neman albarkar maƙwabtaka da shi. Daga baya an binne fiye da mutum 150 na gidan sarautar a nan.

2. Tsarin lambun

Faɗin lambun ya kai kimanin hekta 12. Da Farisanci ana kiran irinsa «chahar bagh», wato lambu huɗu: hanyoyi da magudanan ruwa sun raba shi kashi huɗu, kowane kashi an sake rarraba shi. Masana suna danganta wannan da kogunan Aljanna huɗu da aka ambata a Alƙur'ani. Magudanan suna tafiya har gindin dandamalin ginin, su ɓace, sannan su bayyana a ɗaya gefen, kamar ruwan yana gudana a ƙarƙashin hubbaren. Ke nan an kwantar da mamacin a tsakiyar siffar makomar da ake yi masa fata.

A yau baƙi suna shiga ta ƙofar yamma, bayan sun wuce kabarin Isa Khan mai kusurwa takwas, wanda ya girmi hubbaren da kusan shekara ashirin. Ya kamata mai ziyara ya bi magudanar a hankali kafin ya hau dandamali. A zauren tsakiya, dutsen marmara da zai gani alama ce kawai. Ainihin kabarin yana wani ɗaki a ƙasa. Tagar dutse mai huji-huji da ke yamma tana nuna alƙibla.

3. Abin da zamani ya sauya

A watan Satumba na 1857, sarkin Mughal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, ya fake a nan, har sojan Ingila William Hodson ya kama shi. Turawa sun sake fasalin lambun bisa nasu salo. A 1947, lokacin rabuwar Indiya da Pakistan, wurin ya zama sansanin ƴan gudun hijira, lambun ya lalace ƙwarai.

Hukumar UNESCO ta sa hubbaren cikin jerin kayan gadon duniya a 1993. Daga 1997 zuwa 2003 gidauniyar al'adu ta Aga Khan, tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, ta gyara lambun har ruwa ya sake gudana. Daga 2007 zuwa 2013 aka gyara ginin kansa, aka cire kimanin kilo miliyan ɗaya na siminti da gyare-gyaren ƙarni na 20 suka ɗora wa rufin, aka koma ga farar ƙasa irin ta masu ginin farko.

Kammalawa

Abin da baƙo yake gani a yau gini ne na ƙarni na 16 a cikin lambun da aka maido bisa binciken masana. Sanin haka yana tilasta wa mai nazari ya riƙa tambaya: wane sashe ne na asali, wane ne na gyara, kuma bisa wace hujja? Sannan akwai ladabi. Tikitin shiga bai cire wa wurin matsayinsa na maƙabarta ba, domin a kan dandamalin da ake ɗaukar hoto akwai kaburbura da dama da ba a rubuta sunan masu su ba. Wanda ya san haka zai rage murya, ya kuma lura da inda yake sa ƙafa.